Filin Tambayoyinku: Gidan da Zai Karɓi Baƙo, Ya Kuma Tsare Yaro

Barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, kusan kowa a kan yara da baƙi yake tambaya. Na zaɓi biyar, na rage tsawon waɗanda suka miƙe.

TAMBAYA: Anti, ina gaisuwa. Ni da maigidana mun samu fili, muna shirin gina bene hawa ɗaya. Yaranmu uku: babban shekararsa 7, mai bi masa 4, sai auta da ta fara rarrafe. Gidanmu ba ya rabo da baƙi, shi abokan aiki, ni 'yan'uwa. Yana son ƙaton falo buɗaɗɗe da ya haɗe da kicin da wurin cin abinci, ga matakala a tsakiya. Ni kuwa in na tuna auta sai gabana ya faɗi. Ya ce so nake in mayar da gida kurkuku. Don Allah a raba mana gardama.
Daga Maman yara uku

AMSA: Ƙanwata, gaskiyar nan raba muku ita zan yi, kowa ya ɗauki rabi. Amma bari in fara ba ki labarin abin da ya canja min hannu a zanen gida.

'Yata tana da shekara 2 a lokacin. Muka yi baƙi, manya 14 a falo, hira ta yi daɗi. Ina kicin ina zaton tana wajen babanta, shi yana zaton tana bayana, baƙi kuma kowa ya ɗauka ai iyayenta na kusa. Yayanta ne ya tarar da ita a lungun ƙofar shigowa, ta zazzage jakar wata baƙuwa, tana kokawa da fakitin maganin hawan jini da haƙori. Allah Ya kiyaye, ba ta kai ga ɓarewa ba. Manya 14, taron tsintsiya ba shara. Ni da nake zana wa mutane gidaje, nawa gidan babu ko ƙusa ɗaya a sama da baƙo zai rataya jakarsa.

Tun daga ranar, in zan zana gidan iyali, ranar taro nake kawowa a raina. Ranar ce ƙofofi ke zama a buɗe, ana kai da kawowa da abu mai zafi, motoci na shiga suna fita, hankalin uwa ya rabu gida goma. Kowane lungu sai na tambayi kaina: in kowa ya shagala na minti 5, me yaro zai tarar a nan? Abin da hankalin mutum zai iya mantawa, ginin ne ya kamata ya riƙe shi.

To ku baje takardar zanen a kan tebur, ku samu biro kala biyu. Da ja, ku ja hanyar baƙo: daga ƙofar shigowa zuwa falo, zuwa banɗakin baƙi, zuwa teburin cin abinci, ya koma. Da shuɗi, ku ja hanyar wanda ya ɗauko tukunya daga kan wuta zuwa tebur. Sannan ku zagaye inda yara za su riƙa zama suna wasa. Duk inda layin nan biyu suka ratsa ta cikin da'irar yara, ko layin baƙo ya bi ta gindin matakala ko ta gaban ɗakunan kwana, nan ne gyara yake. A takarda, gyaran magogi kawai yake ci. Bayan an ɗora bulo kuwa sai guduma.

Wurin wasan yara kada ki kai shi can ƙuryar gida ki rufe. Yaro ƙarami ba ya zama inda ba ya ganin uwarsa, zai kwaso kayan wasansa ya biyo ki har gindin murhu. Ki ba su kusurwa a jikin falon iyali, wadda za ki hango in kina tsaye a wurin wanke-wanke, za ki kuma hango in kina zaune da baƙi. A nan maigidanki ya fi ki gaskiya: bango mai yawa yana makantar da uwa.

Inda kika fi shi gaskiya shi ne kicin. Wannan gardamar taku ta girme ku. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta zana wani ɗan kicin don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus, faɗinsa mita 1.9, tsawonsa 3.4, komai a kusa da hannu. Daga gare shi mafi yawan kicin na zamani suka samo tsari. Daga baya aka soke shi cewa ya keɓe mace ita kaɗai, sai yayi ya juya aka dinga rushe bango har ya zama ba a gane inda falo ya ƙare kicin ya fara. Abin da ake mantawa shi ne, nata kicin ɗin yana da ƙofa mai zamewa tsakaninsa da ɗakin zama. Ni dai har gobe ita nake zana wa mutane. A yi rabin bango mai kanta a kai, tsayinsa kamar mita 1.1, ido na wucewa, yaro ba ya wucewa. Hanyar shiga ta zama ɗaya tak, da ƙyaure mai zamewa cikin bango, ko wurin da za a kafa ƙaramar ƙofar tare yara. Kina magana da baƙi, kina ganin auta, ita kuma ba ta iso inda mai ke tafasa ba.

Murhu a jikin bango za a kafa shi. Na san hotunan da maigidanki ya gani, murhu a kan kanta ta tsakiya, kujeru masu tsayi a kewaye. Kyau kam akwai shi. Amma tukunyar da ake iya kaiwa gare ta ta ɓangare huɗu, ga yaro ɗan shekara 4 a kan kujera yana leƙe, ban taɓa sa hannu a kan irin wannan zane ba in akwai ƙananan yara. Tsakanin kanta da kanta a bar mita 1.2 don mutum biyu su gitta ba tare da bangazar juna ba. Firji ya zauna a bakin ƙofar kicin, don mai neman ruwan sanyi, yaro ne ko baƙo, ya ɗauka ya juya. Sabulun ruwa, maganin kwari da na wanke masai kuma, kabad na sama ne mazauninsu. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda kowa ya saba ajiye su, daidai tsayin mai rarrafe yake.

Sai matakala. A cire ta daga tsakiyar falo a kai ta ɓangaren iyali. Riba biyu ce: baƙo ba ya ganin mai saukowa da kayan barci, kuma ana iya tare ta. Matakalar da ke tsaye ita kaɗai a tsakiya, babu bango a gefe, ba inda za a ɗaure ƙofar tare yara. Ta saman matakala lallai a ɗaure ta da sukuru a jikin bango, don irin wadda ake matsawa kawai tsakanin bango biyu tana iya suɓucewa in yaro ya jingina. Ƙarafan gefe su tsaya a tsaye, kada mai walda ya jera su a kwance, don na kwance tsani ne. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta kai santimita 10. Wannan adadi ba ni na ƙirƙira ba, dokokin gini na Ingila da Amurka kusan a nan suka tsaya, saboda jikin yaro kan zurma ta ramin da kansa ba zai wuce ba, sai ya rataye. Tsayin makarin ya zama santimita 90 a kan matakala, 110 a baranda. Bayan kowane taki a toshe shi, ban da irin mai rami. In da hali a ƙara marikin hannu na biyu a ƙasa, kamar santimita 60, don gajerun hannuwa.

Ki gaya masa falonsa na nan, ba wanda ya taɓa girmansa. Ya dai bar santimita 60 ga kowane mai zama a tebur, da 90 a bayan kujeru don mai ɗauke da tire ya wuce. Sannan a bakin ƙofar shigowa, kabad mai marfi a sama da mita 1.5, don jakunkunan baƙi. Wannan kam kin san dalilinsa.

TAMBAYA: Malama, sannu da ƙoƙari. Ina son manyan tagogi a saman bene don iska da haske. Zan sa ragar sauro, zan kuma sa ƙarfen tsaro a ko'ina. Ina ganin hakan ya wadatar, ko?
Daga wani magidanci

AMSA: Yallaɓai, ragar sauro sauro take tarewa. Yaro mai kilo 12 in ya jingina da ita, tare za su tafi, kuma ita ce ma ke yaudarar sa ya ga kamar akwai abin jingina. Birnin New York ya daɗe da ɗanɗana wannan ɗacin a dogayen gidajensa, shi ya sa tun 1976 ya tilasta wa masu gidajen haya sanya makari a tagogin duk gidan da yaro ɗan shekara 10 zuwa ƙasa yake zaune. Ma'aunin da za ka riƙe dai shi ne wancan santimita 10: tagar sama kada ta buɗe fiye da haka sai babba ya saki mariƙinta. In iska kake so, a yi maka taga mai hawa biyu, ta saman ta buɗe sosai, ta ƙasan a kafe. Kuma ka duba inda gado da kujera za su zauna tun a zane, kada su faɗo ƙarƙashin taga.

Ƙarfen tsaro kuwa a nan nake so ka tsaya ka saurare ni. Yana hana yaro faɗuwa, yana hana ɓarawo shiga, yana kuma hana kowa fita ranar gobara. Kana saman bene, hayaƙi ya cika matakala, tagogi duk an walde su, ina mafita? A kowane ɗakin kwana, taga ɗaya ƙarfenta ya zama mai buɗewa daga ciki, da sakatar da babba ko yaro mai wayo zai zare a cikin duhu. Kwaɗon da makullinsa ke cikin wata durowa a ƙasa bai da amfani a wannan daren. Ka sa na'urar jin hayaƙi a kowane hawa da kuma bakin ɗakunan kwana, ka danna ta kowane wata ka ji tana kuka, ka canja ta bayan shekara 10. Ƙananan yara suna iya shan barcinsu tana ta ihu, don haka kai da uwargida ku raba tun yanzu wa zai ɗauko wa.

Duk gilashin da ya sauko kusa da ƙasa, musamman ƙofar fita lambu wadda yara ke bi a guje ranar taro, a sa irin wanda aka gasa, mai farfashewa ƙanana kamar tsakuwa, ko mai leda a tsakiya da ke riƙe ɓaraguzan. A manna masa wata alama daidai idon yaro. Manya ma suna kai masa karo, na ga wanda ya yi, da kofi a hannunsa.

TAMBAYA: Anti, muna da wuri a bayan gida, mijina na son a yi ɗan wurin ninƙaya don hutun ƙarshen mako da abokai. Katangar gidan doguwa ce, yaran maƙwabta ba za su shigo ba. Namu tagwaye ne, shekararsu 3, kuma zan sa su koyon iyo.
Daga Maman tagwaye

AMSA: Ƙanwata, katangar nan yaran maƙwabta ta tsare, naki biyun kuwa a cikinta suke tare da ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu a ruwa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da ya sa nake tsanantawa a nan shi ne nutsewar yaro ba ta da ƙara. Ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa yadda mutane ke zato. Sai a yi ta hira a gefensa.

In za ku yi, shinge zai zagaye ruwan ta kowane ɓangare huɗu, ya raba shi da gidan kansa. Bangon gida ba ya zama ɓangare na huɗu in akwai ƙofa a jikinsa. Tsayin shingen mita 1.2 ko fiye, kamar yadda ake yi a Ostireliya, babu wurin taka ƙafa, babu tukunyar fure ko kujera a kusa. Ƙofarsa ta buɗe zuwa waje, ta rufe kanta, sakatarta ta faɗa da kanta, a can sama. Faransa ma tun 2003 ta yi doka kan kariyar irin waɗannan wuraren wanka na gidaje. Koyon iyo abu ne mai kyau, ki sa su, amma ɗan shekara 3 da ya faɗa da kayansa a firgice ba shi ne wanda kika gani a hannun mai koyarwa ba. Ranar baƙi kuwa a naɗa mutum ɗaya da sunansa, aikinsa kallon ruwa, ba waya a hannu, bayan minti 15 ya miƙa wa wani baki da baki.

In har kuɗin bai kai na shingen ba, to bai kai na wurin ninƙayar ba. Ku shuka ciyawa, ku yi rumfa, tagwaye su ƙara shekaru.

Wannan maganar ta shafi waɗanda ba su ma yi mafarkin wurin ninƙaya ba. Ruwa mai zurfin santimita 5 ya isa ya kashe mai tatata, don nauyin kansa yana rinjayar ɗan jikinsa, in ya kifa cikin bokiti ba ya iya ɗagowa. Bokiti, baho, tankin ƙasa, ramin sokawe: a zubar, a kife, ko a rufe da murfi mai nauyi da kwaɗo. Sakatar banɗaki kuma ta zama mai buɗuwa daga waje. Tunda mun shiga banɗaki, ruwan hita mai digiri 60 yana sale fatar yaro cikin daƙiƙa kaɗan. Amma kada a rage zafin tankin, don ƙwayoyin cuta na hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Mai aikin famfo ya sa bawul mai gauraya zafi da sanyi, ruwan ya fito bai wuce digiri 48 ba, wanda shi ne iyakar da Ingila ta sa wa bahon wanka a sababbin gidaje tun 2010.

TAMBAYA: Malama, robobin nan da ake toshe soket da su, suna da amfani?
Daga wani sabon uba

AMSA: Ya danganta da soket ɗinka, ɗan'uwa. In irin na Ingila ne mai ido uku murabba'i, tun 1947 aka ƙera shi da murfi a ciki wanda ba ya buɗewa sai dogon ƙarfen fulogi ya shiga. Robar da ba ta dace ba tana iya buɗe murfin ko ta sassauta shi, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. In soket ɗin ba shi da murfin ciki, canja shi da mai murfi. Abin da ya fi duka shi ne mai wayarin ya sa maka na'urar da suke kira RCD mai miliamfa 30 a akwatin wuta, wadda ke katse lantarki nan take in ta ji yana bi ta jikin mutum.

TAMBAYA: 'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Ni gidana an daɗe da gina shi, ba zan fasa bango ba. Jikokina 6 ne, suna zuwa min hutu tare da iyayensu, gida ya cika. Me tsohuwa za ta iya yi?
Daga wata kaka

AMSA: Amin, Mama, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba sai an taɓa bango ba. Ki sa ɗaya daga cikin 'ya'yanki ya durƙusa ya zagaye gidan da rarrafe, ɗaki bayan ɗaki. Za a yi masa dariya, amma zai ga abin da shekaru suka ɓoye wa idonki.

Farko dai magungunanki. Na san a gefen gado ko a kan tebur suke don kada ki manta, wataƙila ma a cikin ɗan akwatin nan mai kwanakin mako, wanda yaro ke buɗewa da yatsa ɗaya. Ƙwaya ɗaya ko biyu ta maganin zuciya ko na suga tana iya yi wa ƙaramin yaro mummunar illa. Kafin su iso, a mayar da su kabad mai makulli, a sa miki ƙararrawa a waya ta riƙa tuna miki.

Na biyu, kafinta ya zo ya ɗaure wadrob, durowa mai hawa-hawa da kantar littattafai a jikin bango, talabijin kuma a rataye ta. Yaro yana jawo durowoyi ya taka su kamar matakala, sai nauyin ya rinjayo kansa. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 daga kasuwa a Amurka bayan mutuwar yara ta wannan hanya. Aikin bai wuce na yini ɗaya ba, ƙarfe ne ɗan ƙarami mai kusurwa da sukuru. Igiyar labule mai lanƙwasa a yanke ta ko a naɗe ta can sama. Ki duba rimot, makullin mota, ma'aunin zafin jiki da na'urar ƙara ji, in kina da ita: ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli in ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona shi cikin awa 2. Ko zargi aka yi ya haɗiya, asibiti kai tsaye, kada a sa shi amai, kada a jira a ga alama.

Sai lokacin sallama, wanda ya fi ba ni tsoro a gidan da ya cika. Kowa ya fito rakiya, ana ta gaishe-gaishe, wani ya shiga mota zai yi baya. Direba ba ya ganin ɗan shekara 2 da ke tsaye a bayan mota, balle in doguwa ce. Ke ce babba a gidan, maganarki ba a tsallake ta. Ki kafa doka: ba mai tayar da mota sai an ƙirga jikoki, ƙananan kowanne yana hannun wani. Ki tsaya a bakin ƙofa ki ƙirga da kanki, da ƙarfi, ɗaya zuwa shida, sannan ki ɗaga wa direba hannu.